Raba Yaro Da Bulumboti: Amsa Ga Wani Mai Sauraro Daga Ƙasar Gumel

   

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, cikin Jihar Jigawa. Mai wasiƙar manomi ne, in rani ya yi kuma yakan ci kasuwar Maigatari da ɗan hatsinsa. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga abin da ke tafe da shi. Maiɗakinsa ta rasu ba a daɗe da yin suna ba, ta bar masa ɗa namiji. Mahaifiyarsa ce ta karɓi jinjirin, ta raine shi da madarar jarirai a bulumboti, wanda wasu ke kira fida. Da ta gwangwani ta fi ƙarfinsu, suka koma madarar gari. Yanzu yaro ya kai wata 14, yana takawa yana dafa bango, amma har yau bulumbotin ne abincinsa: sau 4 da rana, sau 2 da dare. Tuwo sai ya tofar, kunu ma ba ya sha sai an zuba a bulumboti an faɗaɗa hujin robar. Ba a yin wata guda bai yi zawo ba. Haƙoransa na gaba na sama sun soma sauya launi. Kuɗin madara kuwa, ya ce har buhun geron da ya ajiye saboda damina ya fita. Da ya ce wa tsohuwarsa a raba yaron da bulumboti, sai ta ce zawon na haƙori ne, kuma ita ba za ta ƙwace wa maraya abin da ya ɗauka a matsayin uwa ba. Shi ne yake tambaya: tsakaninsa da mahaifiyarsa wa ke kan daidai, kuma in za a raba, ta yaya za a raba ba a cuci yaro ba?

To, Malam, da farko muna yi maka ta'aziyya. Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari. Kafin mu ce komai kuma, ka fara yi wa Inna godiya. Tsohuwar da ta yi wata 14 cur tana tashi tsakar dare tana hura wuta, ba wadda za a yi wa gatsali ba ce don an ji magana a rediyo. Maganarta ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, za mu dawo kanta. Amma a kan lokaci, kai ne kan daidai. Lokaci ya yi, har ya soma wucewa.

A Ingila da Amurka, ƙasashen da ruwan famfo ke zuba cikin ɗaki, ga wuta ga firji, likitocin yara suna cewa a soma nuna wa jinjiri kofi tun yana wata 6. Na Ingila suka ce da zarar ya cika shekara a bar bulumboti. Na Amurka suka ce a gama rabuwa da shi tsakanin wata 12 zuwa 18. To, in masu ruwan famfo sun faɗi haka, ina ga mu masu jan guga? Ka leƙa ɗakin jarirai na babban asibiti, za ka tarar ko bakwaini da ɗan ƙaramin kofi ake ba shi nonon da uwarsa ta tatsa, yana lasa sannu-sannu. Abin da bakwaini ya iya, ba zai gagari ɗan wata 14 mai dafa bango ba.

Maganar kuma ba ta yau ba ce. A 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙa'idar hana tallata madarar jarirai da bulumboti ga jama'a, saboda yaran da aka ga suna mutuwa da zawo da tamowa a ƙasashen da ruwa mai tsabta ya yi ƙaranci. Ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ce a'a. A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kan wannan ƙa'ida. Ɗanka dai larura ce ta sa aka ba shi, ba mai zargin ku. Amma larura tana da iyaka.

Yanzu ɗauko bulumbotin nan ka ɗaga shi a hasken rana ka duba da kyau. Dubi wuyansa inda murfi ke ɗaurewa. Juya robar ka leƙa cikinta, ka shinshina. Farin abin nan da ya maƙale a lungu tsohuwar madara ce, kuma a zafin bazara irin na Gumel ba abin da ƙwayoyin cuta ke so kamarta. Wanke bulumboti yadda ya kamata sai da sabulu da ɗan buroshi, sannan a tafasa shi, kuma duk lokacin da za a ba yaro sai an sake. Sau 6 ke nan. Ka lissafa itacen da za a ƙona, ka lissafa ƙarfin tsohuwa. Ba laifinta ba ne in ta ɗauraye kawai ta sake zubawa, kowa ma haka zai yi. Ga shi yaro yana yawo da shi, ya yar inda kaji suka bi, ƙuda ya sauka, ya ɗauka ya mayar baki. Madarar da aka dama kuma, in ta yi awa 2 a ajiye ba firji, ta zama ta zubarwa. To, wadda aka dama bayan isha'i aka ajiye a gefen shimfiɗa don shan tsakar dare fa? Kofi kuwa ba shi da lungu. Hannu yana shiga, ido yana ganin gindinsa, sabulu da ruwa sun ishe shi.

Sai batun zawon haƙori. Inna, a gafarce mu, a nan za mu saɓa muku. Haƙoran yaro na fari guda 20 ne, suna soma fitowa wajen wata 6, ba sa kammala sai ya doshi shekara 3. Ka ga ke nan duk ranar da yaro ya yi zawo a tsakanin nan, in an buɗe bakinsa ba za a rasa haƙorin da za a ɗora wa laifi ba. Fitowar haƙori tana kawo dalalar yawu, da ƙaiƙayin dasashi, da 'yar rigima. Ba ta kawo zawo kamar ruwa, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ya haɗa su, lokaci guda suke zuwa, lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Illar cewa na haƙori ne, sai a zauna gida ana jiran haƙori ya fito, ruwan jikin yaro yana tsiyayewa.

Saboda haka, Malam, kafin a taɓa bulumboti, ranar awo mai zuwa a kai yaron nan asibitin da ya fi kusa da ku, ka bi su da kanka in da hali. A ɗora shi a sikeli a rubuta a kati. A auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, kuma a wannan hali ma'aikatan lafiya ne za su tsara abincinsa, kai naka bi. A duba cikin fatar idonsa ko jini ya yi ƙasa. Ka kuma karɓo ledar gishiri da sukari ta asibiti, wadda ake kira ORS, da ƙwayar zink, ka ajiye a gida. In zawo ya zo, a dama leda guda cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, a riƙa ba shi da kofi da cokali, zink kuma kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Ba a daina ba shi abinci. In ka ga ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko jini a kashinsa, ko ya yi laushi kamar tsumma, wannan ba ta jiran gari ya waye.

Haƙoran da ka ce sun soma sauya launi kuwa, aikin bulumbotin dare ne. Madara tana da zaƙinta na halitta, balle in an ƙara sukari. Yaron da ya yi barci da roba a baki, madarar takan kwanta a kan haƙoran gaba na sama, ga shi yawun da ke wanke baki yana raguwa in ana barci. Na ƙasa harshe yana rufe su, shi ya sa na sama ke fara lalacewa. Yakan soma da wani farin layi kamar alli a gindin haƙori, ya koma ruwan ƙasa, daga nan sai marmashewa. Wani zai ce ai zai yi famfara. Famfara sai wajen shekara 6 ake somawa, haƙoran tauna na ciki kuwa suna nan har shekara 10 zuwa 12. Duk shekarun nan da ciwo zai yi su?

Mu zo kan ƙin tuwo, don a nan lissafinka na ɗan kasuwa zai yi amfani. Babban bulumboti yana cin kusan mililita 250, wato rubu'in lita. In ana cika masa sau 6, lita ɗaya da rabi ke nan, daidai da ledar fiya-wata uku irin ta rabin lita. Cikin ɗan shekara kuwa bai fi ɗaukar kofin shayi guda da 'yar ɗoriya a zama ɗaya ba. Ina tuwo zai samu wuri? Kai ma in ka shanye fura ƙwarya guda da hantsi, aka kawo maka tuwo da azahar, kallonsa za ka yi. A ƙoshe yaron nan yake. Sai dai ƙoshi ne mai ha'inci, domin madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi sai ɗan kaɗan. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yaron da ba ya shan mama, daga wata 6 zuwa shekara 2, madarar da yake bukata a rana mililita 300 zuwa 500 ce. In yana samun ƙwai ko kifi ko nama a kai a kai, 200 zuwa 400 ma ta isa. A taƙaice, ledar fiya-wata guda ta wadatar. Kashi biyu cikin uku na kuɗin madara ya dawo aljihunka ke nan.

A 2023 hukumar ta fitar da sabuwar jagora, inda ta ce yaron da ya cika shekara nonon dabba ya ishe shi, ba ya bukatar gwangwanayen nan masu tsada da ake cewa na yara masu tasowa ne. Nonon saniya ko na akuya duk ya yi, amma a tafasa, domin ɗanyen nono yana iya ɗauko cutar dabba ya kawo wa mutum, har da tarin fuka. Kindirmo yana da kyau in ka san da dafaffen nono aka yi shi, ba a sirka shi da ruwan rijiya ba. In ta gari ce, a nemi wadda ba a cire mata mai ba, a dama ta yadda aka rubuta, kada a tsinka ta don ta yi auki. Madarar nan mai kauri mai zaƙi kamar zuma kuwa, ba abincin yaro ba ce.

To, yaya za a yi? Sannu ba ta hana zuwa. Kada ka dawo daga kasuwa da zafin kai ka jefa bulumboti a masai rana ɗaya. Yaro zai kwana yana tsala ihu, Inna ta kwana tana hawaye, gobe ta aika a sayo wani a ɓoye. A ɗauki mako 3 zuwa 4. A zaɓi lokacin da yaro yake lafiya, ba tafiya, ba biki a gidan, kuma ba makon da kowa ya tare a gona ba.

Nemi ɗan ƙaramin kofi buɗaɗɗe, na roba mai ƙarfi ko na silba, mai santsin baki, wanda hannunsa zai iya riƙewa. Ya zama nasa shi kaɗai. Kada ka biye wa mai shago ya sayar maka da kofin nan mai murfi da ɗan tsinin baki wanda sai an tsotsa yake zubowa. Wannan bulumboti ne ya sake riga, lungunansa ma sun fi yawa. Kwana biyu-uku na farko a zuba ruwan da aka tafasa ya huce, ɗan kaɗan a gindin kofi. A zaunar da shi a cinya, a ɗora bakin kofi a leɓensa na ƙasa, a karkata har ruwa ya taɓa leɓe, a bar shi ya kurɓa da kansa. Zai zubar, zai jiƙa riga, zai kifar da kofin ya yi dariya. Koyo ke nan. In akwai yara a gidan, a zaunar da shi cikinsu suna sha yana kallo.

Daga nan a soma cirewa ɗaya bayan ɗaya. A fara da na tsakar rana, wanda bai damu da shi sosai ba saboda wasa ya ɗauke masa hankali. A madadinsa a ba shi abinci tukuna, sannan madara a kofi. Abinci ne gaba, madara a baya. In aka juya, an koma gidan jiya. Bayan kwana 3 zuwa 5, in ya saba, a cire na la'asar, sai na hantsi, sai na safe. In ya kafe sai an ba shi a lokacin da aka riga aka cire, a miƙa masa da ruwa zalla a ciki, madara kuwa tana kofi. Yaro ba wawa ba ne, da kansa zai gane inda riba take. Kunu kuma daga yau ya bar shiga bulumboti, don kunun da zai bi ta hujin roba sai an tsinka shi ya zama ruwa, ciki ya cika, jiki bai samu komai ba.

Zai yiwu kwanakin farko ya rage shan madara ƙwarai, ya kurɓa biyu ya ture. Kada hankali ya tashi. In yana fitsari kamar yadda ya saba, yana wasa, yana cin abinci, lafiya lau. A sa madarar cikin kununsa, a ba shi kindirmo da cokali. Ruwa kuma a yawaita miƙa masa, don yaron da ba ya shan mama a ƙasa mai zafi irin tamu yana iya bukatar wajen lita guda ta ƙarin ruwa a rana.

Ga wani gargaɗi da muke so kowa ya buɗe kunne ya ji, ba mai wasiƙa kaɗai ba. Da muka ce kofi, ba mu ce ɗura ba. Mun san yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci, a kwarara kunu yana shure-shure. Iyayenmu sun yi ne don tsoron kada yaro ya kwana da yunwa. Amma yaron da aka toshe wa hanci, in ya buɗe baki iska yake nema, kunun kuwa sai ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. Daga nan ciwon huhu, wani ma nan take numfashi ke ɗaukewa. Wanda ya tsira kuma yakan tsani kofi da cokali, da ya hango su sai kuka. In ya kau da kai, a ƙyale shi, a sake gwadawa anjima.

Gurbin da bulumboti ya bari, abinci ne zai cike shi, sau 4 ko 5 a rana, kuma mafi yawansa yana cikin rumbunka. Kunu ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zube nan da nan ba. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken soya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a niƙa tare, a riƙa damawa. Sai dai a tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna a zubar, don tana ɗauke da dafi mai cutar da hanta. Ga faten wake, ga dankali da kabewa, ga tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta zogale, a ɗiga man ja ko man gyaɗa. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka. Hanta ko da ranar kasuwa ce kaɗai. Ƙwai kuma, ga kaji na yawo a tsakar gida amma ƙwansu sai kasuwa, wai in yaro ya ci zai yi sata. Ɓarayin da muka sani dai ba ƙwai ne ya lalata su ba. A dafa a marmasa masa. A zuba masa a ɗan kwanonsa shi kaɗai don a san abin da ya ci, in an haɗa shi da manyan yara kafin ya kai loma ɗaya sun suɗe kwano. Gyaɗa guda-guda kuwa kada a ba shi, tana iya maƙale masa a maƙoshi.

Saura na dare. Shi ne mai wuya, shi ya sa muka bar shi ƙarshe. A nan, Malam, ka matsa gefe, da Inna za mu yi magana. In ba ta kusa da rediyo, ka karanta mata in ya fito a jarida.

Inna, sannunku da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Kun ce bulumbotin nan shi ne uwarsa. Mu kuwa a ganinmu ku ne uwarsa, roba ba ta san shi ba. Abin da yake nema da dare ɗumin jikinku ne, da bayanku, da muryarku. Sai dai ya saba samun su tare da roba a baki, shi ya sa ya ɗauka abu guda ne. Aikin shi ne a janye roba, a bar masa sauran, har ma a ƙara. Yaro mai lafiya ɗan wata 14 da ya ci ya ƙoshi da yamma ba ya bukatar madara tsakar dare, sabo ne ke tashinsa. To, bayan magariba ku ba shi tuwonsa, sannan madara a kofi yana zaune. Ku goge masa haƙora da ɗan buroshi mai laushi da man goge baki ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, ko aƙalla da ƙyalle mai tsabta. Sannan ku goya shi, ku jijjiga, ku yi masa 'yan waƙoƙin da kuka yi wa ubansa. Na tsakar dare ku riƙa rage abin da ke ciki, duk dare biyu a rage kaɗan, har ya koma ruwa zalla, sannan ruwan ma ya koma kofi. Na kwanciya barci shi ne na ƙarshen tafiya. Ranar da aka cire shi, bulumboti ya bar gidan gaba ɗaya, don in yana ƙarƙashin gado, da kuka ya yi tsanani hannu zai kai. Zai yi kuka, ba za mu ɓoye muku ba, amma yawanci cikin 'yan kwanaki yake lafawa. In kuwa ya yi kukan dare biyu aka mayar masa a na uku, an koya masa cewa kuka ne kuɗin bulumboti, kuma zai biya.

Kai kuma Malam, kada ka bar wa tsohuwa daren nan ita kaɗai. Makon da za a cire na dare ka rage hirar majalisa, ka karɓe shi ka zagaya da shi tsakar gida. Kai ka kawo maganar, sai ka ɗauki rabonka na rashin barci. Mutanen gida kuma su zama baki ɗaya, kada a samu gwaggon da za ta ba shi a ɓoye don tausayi.

Da sauran ɗan lokaci, bari mu taɓa wata wasiƙa mai kama da wannan, daga wata 'yar'uwa mai sana'ar waina a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. 'Yarta wata 9, tana shan mama, amma in ta fita sana'a da safe takan bar wa babbar 'yarta koko ko shayi a bulumboti, da 'yar zuma a ciki. Tana tambaya ko barin bulumboti yana nufin ta yaye ta ke nan.

A'a, 'yar'uwa, ko kusa. Raba yaro da roba daban, yaye daban. Ki ci gaba da ba ta mama dare da rana har shekara 2, ko fiye in kin so, a nan shawarar likitoci da abin da muka gada sun zo ɗaya. Ke taki ma mai sauƙi ce, don 'yarki tana da inda take samun lallashi, cikin 'yan kwanaki za ki iya ajiye bulumboti. Ki shayar da ita sosai kafin ki fita. Ki tatsa nono a kofi mai tsabta mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi kamar gindin randa, a ba ta kafin ya wuce awa 4. Koko ya yi kauri, a ba ta da cokali, kuma ki zauna ki nuna wa yayarta da hannunki yadda ake yi, ki hana ta ɗura. Abu biyu kuma ki daina daga yau. Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jinjiri bai iya yaƙa ba, mai shanye jiki har ta kai ga numfashi. Shayi kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, ga sukari, ga cika ciki a banza.

Mai wasiƙarmu na Gumel, bayan wata guda a sake kai yaron awo, ka rubuto mana nauyinsa na farko da na biyu kamar yadda suke a kati, ka kuma gaya mana yadda kuka ƙare da Inna. A gaishe ta da kyau.